Hular da Ba Ta da Suna

Duk shekara, da zarar watan Afrilu ya kama, sai wayata ta hana ni sakat. Matasan matan wajenmu ne, waɗanda suka zo karatu Paris, suka yi aure, suka haihu, yanzu kuma babban bakansi, wato dogon hutun makaranta, ya tunkaro su ba su san inda za su ajiye yaro ba. Wata ma a kasuwar Barbès ta tare ni, ƙarƙashin gadar metiro, ina fama da ledar tattasai da albasa, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Tanti, don Allah yaya ake yi da santir ɗin nan?"

Santir ayere suke nufi, wato gidan yinin yara na lokacin hutu. Ki kai yaro da safe, ki ɗauko shi da yamma. Sau da yawa cikin ginin lekol ɗin unguwa ake yi, sai dai babu allo babu malami. Samari da ƴan mata ne ke kula da su, ana ce musu animater da animatiris, su yi ta wasa da zane da waƙa, wata rana a kai su iyo, wata rana a kai su lambu.

Ina gaya musu abin da na sani. Ki je ki rubuta shi tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya, in kika bari sai Yuni za ki tarar gurabe sun cika ki koma kina roƙo. Ki tafi da karnen lafiyarsa, wato ɗan littafinsa na asibiti, za su duba rigakafi ɗaya bayan ɗaya, da takardar asiransi, wato inshora. Wurin abinci ki buɗe ido, "ban da alade" daban, "ban da nama" daban, ki zaɓi wanda ranki ya kwanta da shi ki faɗa musu baki da baki. In yaro yana da abin da jikinsa ba ya so, ki rubuta, kada ki ce ai Allah ne ke tsarewa, su ba su san wannan ba. Akwai layin da ake jera waɗanda aka yarda su ɗauko yaro. Duk wanda ba ya cikin layin, ko kakarsa ce ta sauko daga jirgi da sandarta, ba za su ba ta shi ba. Man kariyar rana ma ki saya, ki bar dariya, ni ma na yi dariyar har sai da na ga kafaɗar baƙar yarinya tana saɓa. Daga ƙarshe sai in ce: ki rubuta sunansa jikin komai, hula, gorar ruwa, jaka, rigar canji.

Nan suke cewa, "Wannan ai mai sauƙi ne, Tanti." Sai in ce haka ne, mu yi sallama.

Lokacin da abin ya same ni muna Lyon ne, a unguwar Guillotière, shekaru kaɗan bayan shigowar dubu biyu. Na gama karatu na samu aiki a wani labo da ake auna ruwan sha. Maigidana kuma aikinsa na Paris, a wani buro, wato ofis, cikin babbar kasuwar Rungis, yana tsara shigar motocin kaya da fitarsu. Sai bayan mako biyu yake hawo jirgin ƙasa ya zo mana kwana biyu. Daga ni sai ƴarmu, mai shekara shida, a ɗaki biyu hawa na huɗu, saman wani shagon Balarabe mai sayar da zaitun.

Yarinyar nan ƴar fari ce. Kuma sunan surukata aka sa mata, mahaifiyar maigida. Duk Bahaushen da ya ji wannan ya riga ya gane, kunya biyu ce ta haɗu a wuri ɗaya. Ni ƴar Damagaram ce, gidanmu kuma gidan riƙon al'ada ne. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta yabonsa. Ni kaina ƴar fari ce, har yau da nake da furfura Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba. "Ke" take cewa, ko ta ce wa ƙanena, "Kira mini waccan." Ban taɓa jin zafin haka ba ko sau ɗaya. Ina zan ji? Kakata ce ta goya ni, sunana a bakinta kamar waƙa, ga goggonni uku, ga matan maƙwabta. Gidan cike yake da masu kirana, shirun mutum ɗaya bai rage komai ba.

To haka na ɗauko abina na kawo Lyon, ban rage ko ƙwaya ba. Ubanta yana ce mata "Uwata". Ni ko wannan ba na faɗa. "Ke, zo ki ci." "Ke, sa takalmi." Ina yi mata kitso duk Lahadi, ina tashi in duba numfashinta in tana mura, amma sunan dai a'a. Ainihin sunanta a lekol kawai take jin sa, daga bakin Faransawa.

Takardun santir ubanta ne ya cike su wata Asabar, ni na sa hannu a ƙasa. Ya koma Paris ya bar ni da jerin kayan da za a saya. Na sauka shagunan unguwa na sayo gora, da ƙaramar jaka, da hular hana sallah shuɗiya. Har alƙalamin nan na saya, mai baƙar tawada da wanki ba ya fitarwa. Na zauna na buɗe shi, na juya hular, sai hannuna ya ƙi. A takardar gwamnati wani abu ne, wannan dole ce. Amma in zauna ni da kaina in zana sunan surukata cikin hular da za a yar a ƙasa, a taka, a zauna a kai? Na rufe alƙalami. Na ɗauko allura da jan zare na yi ƴar alama a gefen hular, na ce ai ta isa, mai abu ya san abinsa.

Kwana uku hular ta yi. A santir akwai wani babban kwali da ake zuba duk abin da aka tsinta ba suna, huluna shuɗɗa sun kai goma a ciki, tamu ba ta nan. Na sayi ta biyu, na sake jan zare. Ita mako guda ta yi. Animatiris ɗin rukuninsu, wata doguwar yarinya mai gajeren gashi, ɗalibar jami'a, ta ce mini da murmushi, "Madam, ki rubuta sunanta mana, yaran duk hularsu iri ɗaya ce." Na ce to. Na sayi ta uku, na ƙara wa zaren kauri.

Sai maganar ƙofa. Da yamma ƙofar a kulle take, sai ki danna maɓalli, murya ta fito daga ƴar na'ura ta tambaye ki wa kika zo ɗauka. Sauran iyaye su faɗi suna a buɗe musu. Ni kuwa sai in matsa kusa in ce, "Ƴar ƙaramar nan ta rukunin ƴan shida, mai kitso." Ranar farko sai da suka tambaye ni sau uku, layi ya taru a bayana, wani mutum mai keke yana ta huci. Daga baya doguwar yarinyar ta gane muryata, da ta ji ni sai ta buɗe kawai. Na ɗauka an wuce wurin.

Da safe kuma iyaye su durƙusa bakin ƙofa, sumba a wannan kunci, sumba a wancan, ana "ƴar zomona", ana "zuciyata", kamar wanda zai tafi Makka a ƙafa, alhali ƙarfe biyar za a sake haɗuwa. Ni abin har haushi yake ba ni. In miƙa mata jaka in ce, "Jeki, ban da faɗa." Ta shige ba ta waiwaya. Ina jin daɗin hakan, ina cewa yarinyata ba ta da shagwaɓa.

A mako na uku direktiris, shugabar santir ɗin, ta ce tana son ganina. Mace ce mai manyan shekaru, siririya, tabarau a rataye a wuya. Ta zaunar da ni kan kujerar yara, don burota cike yake da kwalayen fenti, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata. Ta buɗe takardunmu ta ce, cikin ladabi ƙwarai, tana so ta tabbatar da abu ɗaya: ni ce mahaifiyar yarinyar?

Na ce, "Ban gane ba."

Ta ce yarinyar ta gaya wa ƙawayenta, ta kuma gaya wa animatiris, cewa ni tantinta ce. Mamanta ta ainihi tana Nijar, wata rana za ta zo ta tafi da ita. Da aka tambaye ta yaya aka yi ta sani, sai ta ce saboda matar da take zaune da ita ba ta san sunanta ba. Direktiris ta ce ba zargina take ba, yara suna ƙirƙirar labari, amma aikinta ne ta san hannun wa take saka yaro kowace yamma.

Wallahi raina ya ɓaci. Ni da na yi awa goma sha wani abu ina naƙuda a asibitin Paris, ba uwa ba dangi, dusar ƙanƙara tana zuba a taga, yau wata mai tabarau ke tambayata ko ni na haifa? Na zaro katina na ajiye mata kan kwalin fenti da ƙarfi. Na shiga yi mata bayani da Faransancin da na rubuta kundin digiri da shi, amma ranar ya zame mini kamar na ɗan koyo. Na ce a wajenmu girmamawa ce. Na ce uwa tana ɓoye son ɗan fari ne saboda ya yi yawa, ba don babu ba. Na ce uwata ma haka ta yi mini, ga ni kuma lafiyata lau.

Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Ta maido mini katina da hannu biyu. Sannan ta ce, "Na fahimta, madam, kuma na yarda da ke. Amma ita shekararta shida. Akwai wanda ya yi mata wannan bayanin?"

Na mayar da katina jaka. Na ja hannun yarinya muka fito. A hanya na so in yi mata faɗa, in ce wace uwar ce kike da ita a Nijar, marar kunya? Na dube ta tana tsallake layukan dutsen gefen titi, hula ta uku ma babu a kanta, sai na rasa ta inda zan fara. Na saya mata burodi mai cakulan muka hau sama.

Na kira ubanta. Dariya ya yi har da tari, ya ce, "Uwata ke nan, akwai tsara zance." Ya ce in rabu da ita za ta manta. Na gaya wa wata Hajiya ƴar Maraɗi da ke sayar da atamfa a unguwar, ta tafa hannu ta ce, "Tirƙashi! Yanzu har kunyar ma sai Nasara sun koya mana yadda za mu yi da ita? Kada ki kuskura, ƴata. Yau suna, gobe ta zauna a cinyarki gaban surukai." Maganarta ta yi mini daɗi, don abin da nake son ji ke nan. Na sayi hula ta huɗu. Na yi mata jan zare.

Sai dai maganar direktiris ta ƙi barina. A labo ina auna ruwa ina lissafi: wa ke kiran yarinyar nan? A Damagaram mutum goma ne ke cike gurbin da uwa ta bari. A hawa na huɗun nan babu kaka, babu goggo, uba sai bayan mako biyu. Na ɗauko rabin al'ada na baro rabin a gida, kuma rabin da na ɗauko shi ne mai ɗaci. Na gane wannan sarai, amma ganewa daban, buɗe baki daban.

Ƙarshen Yuli aka liƙa takarda a ƙofa: za a kai yara babban lambun gari mai namun daji, ana neman iyaye biyu ko uku su raka. Na rubuta kaina, na ɗauki hutun yini a wurin aiki. Gaskiya ba don yarinyar na yi ba, don mai tabarau na yi, in nuna mata ni ma uwa ce.

Iyayen da ba su taɓa raka irin wannan fita ba su sani, aiki ne ja. An sa wa kowane yaro ƴar shara mai ruwan ɗorawa. An ƙirga su a tsakar gida, an ƙirga a bakin ƙofa, an sake ƙirgawa a kwanar titi. Biyu biyu suke tafiya riƙe da hannun juna, babba a gaba, babba a tsakiya, babba a baya. Ni aka ba baya, da jakar sanwici da akwatin magani. Ƴata tana can gaba, wajen doguwar animatiris. Tun da muka fito ba ta kalle ni ba, ni ma ban nuna na san ta fiye da sauran ba.

Muka isa tashar tiram, ƙaramin jirgin ƙasan nan na cikin gari, aka jera su jikin bango, nesa da layin dogo. Ranar akwai iska, irin wadda ke bin kogi ta shigo gari. Wani yaro ya fara kukan igiyar takalminsa ta kwance, animatiris ta durƙusa tana ɗaure masa. Daidai nan iska ta ɗauke hular ƴata. Na ga shuɗin abu yana gangarawa, ya tsallake farin layi, ya faɗa tsakanin ƙarafan dogo. Na ga ta saki hannun ƙawarta. Ta san hula uku ta ɓatar, ta san yadda fuskata take yi in ta dawo babu. Ta bi ta da gudu. Daga can kuma tiram ya karyo kwana yana kaɗa ƙararrawa.

Tsakanina da ita yara ashirin ne da jakar sanwici. "Ke" ba ta da amfani a wurin, duk yaran nan "ke" ne da "kai". Ban yi shawara da kowa ba, sunan ne ya fito da kansa, da wata irin murya da ban san ina da ita ba, har mutanen tsallaken titi suka juyo.

Ta tsaya cak, ƙafa ɗaya kan farin layi. Animatiris ta yi tsalle ta fizgo ta ta baya. Tiram ya wuce ta kan hular, ya tsaya, ƙofofi suka buɗe, mutane suka sauka kamar ba a yi komai ba.

Abin da na gani a ɗan tsakanin nan shi ne bai bar ni ba har yau. Da ta tsaya, ta waiwayo tana neman wanda ya kira ta. Ta dubi animatiris. Ta dubi ɗaya animater ɗin. Ta dubi wata uwa Bafaranshiya da ta rako mu. Idonta ya bi ta kaina ya wuce, kamar yadda ake wuce sandar fitila. Ko a ranta ba ta kawo ni ba.

Aka sake ƙirga yara, aka cika. Direban ya bari animater ya ciro hular bayan tiram ya matsa, ta yi baƙi, bakinta ya karye. Aka je lambu, aka ga raƙumin dawa, aka ci sanwici a kan ciyawa. Na raba ruwa, na goge hancin ƴaƴan mutane, na kira kowannensu da sunansa don an rubuta musu a ƙirji. Wajen la'asar muka juyo. Direktiris ta ji labari da muka dawo, ta riƙe hannuna ta ce na gode, ba ta ƙara komai ba, ni ma na gode mata da ba ta ƙara ba.

Muka biya shago na sayi hula ta biyar. A gida rana ba ta ko faɗi ba, irin dogon yinin nan nasu. Na ɗora tukunya, na zo na zauna a tebur, na ɗauko alƙalamin da ke cikin aljihun tebur tun farkon wata. Ta zo ta tsaya a gefena tana kallo. Na juya hular na rubuta, harafi bayan harafi, manya manya, yadda ko makaho zai shafa ya ji. Na rubuta a gora. Na rubuta a jaka. Tana bin hannuna da ido, leɓenta yana motsi, don lokacin ta fara haɗa baƙi.

Da Faransanci ta yi tambayar, don da shi take magana in abu ya dame ta. "Wa ya kira ni a wajen tiram?"

Na ce, "Ni ce."

Ta kalle ni, irin kallon da ake yi wa mai sayar da kaya in ya faɗi kuɗin da bai yi kama da gaskiya ba. Ta ce, "Sake faɗa."

Ai sai na tashi na rufe taga. Hawa na huɗu, a Lyon, surukata tana can bayan hamada, amma sai da na rufe taga kamar mai shirin sata. Na dawo na zauna. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, na ji kamar Inna tana tsaye a bakin ƙofa. Na faɗa a hankali, sau ɗaya.

Ba ta rungume ni ba, ni ma ban jawo ta ba, ba mu saba ba. Ta ɗauki hular ta sa a kai, a cikin ɗaki, tawadar ko bushewa ba ta gama yi ba. Ta gyara bakin hular da hannu biyu, sannan ta ce da Hausarta mai tsami, "Ashe kin sani."